Kwaɗon Tafasa da Geron Surukina

Ko me zan manta a duniya, ba zan taɓa mantawa da shekarar da na naɗa kaina sarkin kare muhalli na Kankia ba. Bitar kwana uku kacal ofishinmu ya tura ni Katsina, amma na dawo kamar ni na dasa duk bishiyoyin jihar. An koya mana cewa leda masifa ce, kuma wayayye shi ne mai cin abin da ƙasarsa ta fitar a lokacinsa. (Shinkafar waje muka ci a wurin bitar, cikin robobi, amma wannan bai dame ni ba.) Ga shi kuma ana shirin buɗe sabon teburin kula da muhalli a sashenmu, ni ko na riga na hango kaina a kujerar.

Lokacin ruwan farko ya sauka, mangwaro na ƙarewa, tafasa ta fara tsiro a bayan gari. Na kafa doka a gida: ba leda, ba taliya, ba shinkafa. Na jingine babur, na rataya wani tsohon buhu a kafaɗa, ina takawa kasuwa. Sai in tsuguna gaban tsofaffi masu ganye in sayi tafasa da zogale da ƙuli-ƙuli, in ƙi karɓar leda, har da ɗan wa'azi kyauta. Matata Hadiza ta ce mani mutane fa suna kallo. Na ce ai haka ake so, su gani su koya.

Sun gani kuwa. Abin da bokona ya mantar da ni shi ne, daidai wannan lokaci rumbu ke yin ƙasa, kuma magidanci ba ya ɗora iyalinsa kan tafasa safe da rana sai in hatsi ya ƙare. Ashe ɗaya daga cikin tsofaffin nan 'yar Kunduru ce, garin su Hadiza.

Wata Asabar na gayyaci Oga, shugaban sashenmu, da wani abokin aikina Sani cin abincin rana, don Oga ya ga aƙida da idonsa. Muna zaure, akushin kwaɗon tafasa a tsakiya, ina bayanin amfanin ganye ga hanji, sai muka ji amalanken shanu ya tsaya a ƙofar gida. Surukina ne, da buhu biyu na gero. Na zube na gaishe shi. Bai amsa da kyau ba, akushin yake kallo.

"Ashe gaskiya ne," ya ce. "Mi ya hana ka hwaɗa mani, yaro? Rashi ai ba abin kunya ba ne. An ce har babur ɗin ka sai da."

Na ce, "Baba, ai da gangan ne."

Ya dube ni ya ce, "Da gangan kake ba ɗiyata tahwasa, da hatsi a gidan?"

Nan na ga hanya biyu ce a gabana: ko in zama matalauci, ko in zama mugu. Ina jin Hadiza a bayan ƙyaure tana ta fama da dariya, ba ta da niyyar cetona. Na sunkuyar da kai na zaɓi talauci. Na ce Allah ya saka da alheri, na taya aka sauke buhunan a gaban Oga. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba.

Ranar Litinin Oga ya kira ni, da murya irin ta masu ta'aziyya, ya ce ba zai ƙara wa mai fama da gida nauyi ba. Sani aka ba teburin. (Mutumin da ko goro ɗaya ya saya sai an sa masa a leda.)

Abin da na koya shi ne, in za ka ceci duniya, ka fara aika wa surukinka bayani. Geron dai mun ci shi har kaka, kuma har yau in na je Kunduru, Baba sai ya ja ni gefe ya tambaye ni a hankali ko muna samun na sawa a baki.