Ƙarfen da Ke Motsi da Azahar

Wata biyu ina ni kaɗai a ɗakin gwaji a garin Gaithersburg na Amurka, ina auna miƙewar wani ƙarfe da hasken leza, miƙewar da ba ta kai kaurin gashi ba. Sai na lura kullum da azahar layukan hasken suna gocewa. Na kira Bitrus, abokin aikina ɗan Jos, ina hura hanci wai na gano sabon abu.

Da ya zo, sai ya nuna kular tuwona a gefen na'urar. Ban saba cin abinci ni kaɗai ba, shi ya sa nake zama kusa da ƙarfen da azahar, ya zame mini abokin cin tuwo. Ashe zafin tuwon ne ke kumbura ƙarfen. Awon wata biyu ya tashi a banza.

Har yau in mun haɗu sai ya ce, "Malam, abokin naka ya ci kuwa?"