Shitu Sarkin Haske da Hoton Bankwana

A gyara zama, za a ambaci manya. Tun da aka kafa Zangon Wagadugu, tun kakanninmu suna sauke huhun goro da turamen zane, ba a taɓa haihuwar mai ido irin Shitu ba. Mu sauran bayin Allah kallo muke yi, shi kuwa gani yake yi. Da bakinsa ya bayyana mana wannan bambanci a ƙofar masallaci, ba tare da kowa ya tambaye shi ba.

Mako shida ya yi a wata makarantar fasaha da ke tsakiyar gari, ajin 'yan koyo, inda ake nuna wa mutum yadda ake riƙe kamara da ɗaukar bidiyo. Mako shida! Kaza mako uku take yi a kan ƙwai ta fito da abin da ke tafiya da ƙafarsa. Shitu ya ninka ta, ya fito da hula. Baƙa ce, shimfiɗaɗɗiya, kamar fanken da aka zauna a kai. Ya haɗa ta da baƙar riga, baƙin wando da baƙin gyale a wuya, cikin zafin Afirilu, lokacin da ƙadangare ma ke neman inuwa. Takardar da suka ba shi cewa ta yi ya halarta. Ba ta ce ya iya ba. Duk da haka ya sa mata gilashi, ya sauke agogon bangon uwarsa ya rataye ta a wurin.

Daga ranar ya daina amsa sunan Shitu, sai Artis, wato gwanin fasaha a bakin Nasara. Mu kuma muka naɗa shi Sarkin Haske, don ko gaisawa za ku yi sai ya juya ka ka fuskanci gabas, wai hasken bai dace da fuskarka ba.

"Ni ba mai hoto ba ne," in ji shi. "Mai hoto yana bakin kasuwa yana cewa a yi murmushi. Ni haske nake yi wa tambaya, yana ba ni amsa."

Ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Da a wuyansa kaɗai ƙuƙumin ya tsaya, da ba wanda zai ɓata alƙalami a kansa. Sai ya shaƙe kakarsa da shi.

Inna Huseina, wadda ta haifi uwarsa, ta haura tamanin. Shekara arba'in ta yi tana sayar da atamfa. Yanzu yana ta rufe mata ido, ba ta gane fuska ko ta 'yar cikinta. Amma launi bai gudu ya bar ta ba, tana hango ja daga ƙofar gida. Ɗaya 'yar tata, Aishatu, ta aiko a kai mata ita Kumasi, zama na dindindin, kuma kowa ya san tafiyar tsohuwa irin wannan ba ta da dawowa. Abu ɗaya Inna ta roƙa: hoto da ƙawayenta na tsohuwar unguwa, waɗanda rusau na ZACA, aikin gwamnati na sabunta tsakiyar gari, ya watsa, wasu Tampouy, wasu Nioko, wasu suka maƙale a Kamsaoghin. A ɗauke shi a inda gidanta yake a da, wurin da yanzu ake ajiye motoci, bishiyar darbejiya ɗaya ce kawai ta rage.

Tsohuwar 'yar kasuwa ce, ta tsara abinta. Anko iri ɗaya za a yi, amma ɗankwali kowa da launinta. Ja na Hadiyya, kore na Shahida, ruwan ɗorawa na Su'ada, haka har mata goma sha biyu. Ta ce in ta je can kewa ta kama ta, sai ta sa yatsa ta ce ga wance, ga wance.

A gabanmu ta kama hannun jikan nata. "Angona, ka ji ko? Launin nan shi ne idona."

Ya dafa ƙirji. "Inna, na fahimce ki fiye da yadda kika fahimci kanki."

A nan ya kamata mu ji tsoro. Ba mu ji ba. In ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Mako uku aka yi ana bugun waya kafin a haɗa matan nan rana ɗaya. Mai ciwon gwiwa ta zo, mai jinyar miji ta zo, wata jikanta ya goyo ta a moto tun daga Tampouy. Ranar Lahadi da hantsi kowa ta hallara ƙarƙashin darbejiya, ɗankwalaye suna walƙiya kamar shagon Inna a zamaninsa. Sarkin Haske bai iso ba sai bayan azahar, don manya ba sa riga jama'a zuwa.

Ya kafa ƙafa uku. Ya haɗa yatsu ya yi taga, ya leƙa mu ta ciki, ya girgiza kai kamar likitan da ya ga cutar da ba ta da magani. Ya fitar da tsofaffi daga inuwa ya jera su a rana, ranar kuma a bayansu. Ya hana murmushi.

"Murmushi ƙarya ce, iyayena. Ku ba ni gaskiyar rusau."

Sannan ya kwanta rub da ciki a gaban takalmansu, wai daga ƙasa ake ganin tarihi.

Rasmata mai sayar da zom-kom, ruwan geron nan mai sanyi, Bamosiya, maƙwabciyar Inna tun kafin rusau, tana gefe da kularta. Ta ɗaga wayarta mai fasasshen gilashi. Daga kwance ya daka mata tsawa.

"Madam, sauke wannan abin! Ku ne kuka kashe fasaha a ƙasar nan. Kowa da waya ya zama mai ido."

"To, Mushe Artis," in ji ta da Faransancin kasuwa, ta soke wayar a ƙugu.

Bayan hoto Inna ta yi magana. Ta nuna inda rijiya take, da inda Malam Ɗayyabu ke karantarwa, da lungun da aka bi da gawar mijinta. Ta nemi gafarar kowa da sunanta. Mata suka yi ta share hawaye da bakin mayafi. Shitu yana ɗaukar bidiyo, mun gan shi. Abin da ba mu lura ba shi ne inda bakin kamarar ke kallo.

Ranar Laraba, ana gobe tafiya, ya kira mu baje koli a zauren gidansu. Da la'asar ne, ya toshe tagogi da tabarmi, ya rataye zanen gadon uwarsa a bango. Muna zufa kamar tuwo a murfi, shi yana jawabi.

"Abin da za ku gani ba hoto ba ne. Tambaya ce. Wanda bai gane ba, kada ya ji kunya. Ni ma sai a mako na huɗu na gane."

Aka yaye zanen, ga hotuna jere a bango. Hoton farko, ƙafafu. Na biyu, inuwar ƙafafu. Na uku, rabin kunnen Hadiyya. Babban hoton kuwa, wanda aka tara mata goma sha biyu dominsa, duhu goma sha biyu ne a jere kamar tukwanen da aka kife. Duka baƙi da fari. Ba ja, ba kore, ba ruwan ɗorawa.

Sai bidiyo. Minti goma sha tara na wata baƙar leda da ta maƙale a wayar shinge, iska tana kaɗa ta. Muryar Inna ya cire ta, wai shiru ya fi nauyi.

"Ledar nan," ya ce yana lumshe ido, "ita ce Zango."

"Kai ne leda, ɗan nema!" in ji Hadiyya. "Maido mana da launinmu."

"Ba zai yiwu ba, Tanti. Tun a cikin kamara na kashe shi. Launi gulma ne."

Aka miƙa wa Inna babban hoton. Ta kai shi dab da hanci. Ta juya shi sama a ƙasa. Ta shafa shi da yatsa daga gefe zuwa gefe, yatsan bai sami wurin tsayawa ba.

"Angona, ina matan?"

"Suna cikin rashinsu, Inna."

Ta ajiye shi a cinya. Wallahi da zagi ta yi da ya fi mana sauƙi. Sake taro ba zai yiwu ba: Shahida ta wuce garin Bobo, mijin Su'ada yana asibiti, motar Kumasi kuma da safe za ta tashi.

Sai Rasmata ta zaro waya daga ƙugu. Ashe kafin a yi mata tsawa ta riga ta danna. Hoton ya ɗan karkace, kan babban yatsanta ya leƙo ta kusurwa. Amma ga ɗankwalaye goma sha biyu suna ci kamar wuta. Ta hau moto zuwa wurin mai wanke hoto a Kamsaoghin, aka fitar da shi ƙato.

Da safe a tasha aka ɗora wa Inna shi a cinya. Sarkin Haske yana tsaye a kanmu da gyalensa, yana huci.

"Ba tsari, ba tunani, ba tambaya. Wannan ai kowa ma zai iya."

Inna ba ta ji shi ba. Yatsanta yana tafiya. "Ga Hadiyya. Ga Shahida. Ga Su'ada, ja'ira, ta karkata ɗauri kamar kullum." Ta bi su ɗaya ɗaya har sha biyu, tana dariya da hawaye tare. Sai yatsan ya gangaro ƙasa, ya tsaya a kan wani baƙin tuli da ke shimfiɗe gaban takalman mata.

"To wannan buhun gawayin fa? Wa ya yar da shi a gabanmu?"

"Yaaba," in ji Rasmata, yadda Mosawa ke kiran kaka, "angonki ne."

Yanzu Sarkin Haske yana gaya wa duk wanda ya tsaya cewa an baje shi a ƙasar waje. Kada a ƙaryata shi, gaskiyarsa ce. Yana can Kumasi a bangon ɗakin Inna. Duk baƙon da ya shigo sai ta nuna masa matan Zango da sunayensu, ta ƙare da buhun gawayi.