Rasuwar Kambas ɗin Tela, Na Dama da Na Hagu

Da zuciya cike da baƙin ciki, da ƙafafu biyu da suka wayi gari marayu, Tela na bakin kwana yake sanar da 'yan uwa, abokan gudu da masu kawo ɗinki rasuwar takalman kambas ɗinsa, tagwayen nan Na Dama da Na Hagu. Sun cika ranar Talatar da ta wuce a ƙaramin asibitin unguwa, bayan doguwar jinyar da suka ɓoye wa kowa, har mai su.

Marigayan sun shigo gidan ne a shekarar da likita ya faɗa wa Tela yana da ciwon sukari, ya kuma ce zaman keken ɗinki daga safe har yamma ba zai bar shi lafiya ba. A tulin gwanjo ya tsinto su, shuɗaye, igiyar ɗaya ta fi ta ɗayan tsawo. Ran farko iyakarsu ƙarshen layi, suka dawo da shi yana haki kamar wanda kare ya biyo. Maƙwabta sun yi dariya. Su kuwa washegari suka sake fita da shi, bayan nan ma haka, har ranar da masu dariyar suka koma tambayar ƙarfe nawa ake fita.

Masu haƙuri ne, marasa yawan magana. Na Dama iyakarsa "faf, faf". Na Hagu in ya sha ruwan sama sai ya ƙara da "ƙiii", kamar ƙofar da ke neman mai. Mai ɗakin Tela ta fi kowa jin yarensu. In ta ji "faf, faf" ya koma "shaa, shaa" daga bakin layi, ta san sukarin maigidan ya yi ƙasa, kafin ya taɓa ƙofa tana tsaye da kofin ruwa mai zaƙi.

Da su Tela ya shiga gudun fanfalaki, yana tara gudummawa don masu irin ciwonsa da ba su da halin sayen allura. Bana ya ɗauki alkawari mai nauyi: firji mai aiki da hasken rana, don insulin ɗin asibitin, maganin allurar masu sukari, ya daina lalacewa in an ɗauke wuta. Jama'a suka ce za su bayar in ya kai ƙarshe. Gudun kuwa Asabar mai zuwa ne.

Game da ajalinsu: Sista, nas ɗin da ke duba Tela, tana da wata ɗabi'a. Ba ta kallon ƙafar mai sukari sai ta fara zura hannu cikin takalminsa, domin ciwon yana dushe jin tafin ƙafa, mutum ya taka abu bai sani ba. Ta zura hannu cikin Na Hagu, sai ga yatsanta ya leƙo ta ƙasa yana gaishe da Tela. A cikin Na Dama kuma ta zaro tsinin allurar keke, wadda ya kwaso a ƙasan shagonsa.

"Tela, tun yaushe kake jin wannan?"

"Jin me, Sista?"

"To ka ga matsalar ke nan."

Ya kwantar da murya. "Asabar kaɗai. Su kai ni Asabar, sai su huta."

"Su kai ka Asabar, ni in kai ka ɗakin tiyata Litinin? Ajiye su, Baba."

An garzaya da su wajen shumeka mai gyaran takalmi. Ya juya su, ya sake juyawa, ya miƙo su da hannu biyu ya ce a yi haƙuri. An sayo sababbi farare, amma Sista ta hana doguwar tafiya da su, domin sabon takalmi yana tayar da bororo, bororo kuwa a ƙafar mai sukari ba abin wasa ba ne. Tela ya koma shago hankalinsa ba ya jikinsa, har aljihun wani wando ya ɗinka a baibai.

Makaniki, amininsa da ya saba bin sa a babur da gorar ruwa, shi ya same shi a haka.

"Kai, ɗan tsoho, firjin ne ya mutu ko takalmi? Su dai suka saba kai ƙarshe, to za su kai. Ni zan fara ɗaukarsu."

"Da wannan tumbin?"

"Da shi. In na faɗi, ku ɗinka ni."

Marigayan sun bar safa biyu da ba su taɓa kama da juna ba, da jakar kugu mai ɗauke da alewa da na'urar gwajin sukari, da mai ɗakin Tela, wadda yanzu sai ta koyi sabon yare. Sun kuma bar magada farare masu taurin kai, waɗanda har yau ba su san hanyar ko'ina ba.

Za a yi rakiya ranar Asabar da safe daga inda ake tashin gudu. Makaniki zai rataya marigayan a wuya, ya yi iya abin da numfashinsa ya yarda, sannan ya miƙa wa na gaba, abokan gudu su yi ta karɓa hannu da hannu har layin ƙarshe. Tela zai taka a baya, a hankali, iyakar inda Sista ta ce tsaya. Ya ce ko ba komai, mai makoki ba ya tsere.

Daga nan za a kwantar da su a kan tebur a ƙofar asibiti, baki a buɗe, don karɓar gudummawar firji daga masu ta'aziyya. Iyalai suna roƙon duk wanda zai saka a cikin Na Hagu ya taho da kuɗin takarda. Sulalla suna zubewa ta ƙasa.