Kyamarar Zulaiha da Idon Malam Gidaɗo

"…ya hanya, ya mutanen Azare, ya uwarki? To madalla. Amma tsaya, Amarya, sabulun wanka kika rataya a wuya?"

Malam Gidaɗo ne yake tambayar jikarsa Zulaiha, yana zaune kan buzu a inuwar ƙofar gidansa a Bulkachuwa, da hantsi. Zulaiha mai yi wa amare ƙunshi ce a Azare. Ta sayi wata 'yar ƙaramar kyamara ta hannu don ta riƙa ɗaukar zanen lallenta, yau kuma aka aiko ta ta ɗauko hoton tsohon, a sa a kalandar bikin yayanta Abdulrashid. Tun tana goye yake kiranta Amarya, da ta yi baki ita ma ta rama da Ango.

"Kyamara ce, Ango. Tashi ka sa babbar riga. Fuskar dai ba yadda muka iya da ita."

"Ni za ki gaya wa kyamara? Wadda ta ɗauke ni ina saurayi ƙafa uku gare ta, mai hoton ma sai da ya shiga cikin baƙin mayafi kamar mai takaba. Wannan kuwa ko akuya ta haɗiye ta ba za ta nemi ruwa ba."

"Ƙaramin goro ya fi babban dutse."

Ta danna makunni. Kyamarar ta yi 'yar ƙara, gilashin gabanta ya miƙo waje. Tsohon ya ja da baya har hularsa ta karkace.

"A'uzu billahi. Mene ne ya fito?"

"Idonta ne."

"Abu ya miƙo wuya kamar kunkuru kin ce ido. Amarya, in gado kike sauri ki faɗa mini, ba sai kin kawo mini mai rai a aljihu ba."

"Wane gado, buzu da buta? Gyara zama. Tana gane fuskar mutum, ta zagaye ta da ɗan akwati. In ka yi murmushi kuma da kanta take ɗauka, ba sai na taɓa ba."

"Da kanta? La ilaha illallahu. Wa ya gaya mata na yi murmushi?"

"Kai dai yi."

Malam Gidaɗo ya washe baki iya ƙarfinsa. Kyamara shiru. Ya ƙara washewa har kumatunsa suka gaji. Shiru.

"Ta ƙi," in ji shi.

"Haƙora take nema, ba ta samu ba."

"Huɗu gare ni, lafiyayyu."

"Huɗun ma ba sa ga maciji da juna, kowanne unguwarsa daban."

"Haƙoran da kike raina su suka tauna naman sunanki, marar kunya."

Zulaiha ta danna da hannunta, ta juyo masa allon bayan kyamarar. Hoton ya fito tas. Ana ganin silin gemunsa ɗaya-ɗaya, da zaren aikin hularsa, har da wani ƙuda da ya sauka a kafaɗarsa. Tsohon ya karɓa, ya kai ta nesa, ya dawo da ita dab da hanci, ya karkata kai gefe guda.

"An cuce ki, yarinya."

"Wa ya cuce ni?"

"Wanda ya sayar miki. Hoton nan kamar an zuba masa kunu. Ina fuskar? Ni wani dunƙule nake gani da hula."

"Ango, megafiksel ashirin ce fa."

"Ko mudu ashirin ce. Ido ba mudu ba, amma ya san kima. Ki mayar musu, ki ce mijinki ya ce kyamararsu ta kwana a cikin hayaƙi."

"Ga ƙuda nan a kafaɗarka, har fikafikansa ina gani."

"Ƙarya fure take, ba ta 'ya'ya. Abin da babba ya hango a zaune, yaro ko ya hau rimi ba zai gan shi ba. In kyamarar gaske ce, ɗauko mini farin bijimina, ga shi can gindin tsamiya yana kiwo."

Zulaiha ta juya wajen tsamiyar da ke can bayan gonar gero. Ta murza ɗan maɓallin zuƙowa, gilashin ya ƙara miƙewa, abin da yake nesa ya taho har ya cika allon. Sai ta fashe da dariya har ta dafa ƙasa.

"Ango, bijiminka yana sanye da hula."

"Wace irin hula?"

"Malam Jalo maƙwabcinka ne, da farar riga, ya duƙa yana cire ciyawa."

Tsohon ya ce, "To ai Jalo ya daɗe yana kama da sa. Ba ni na fara faɗa ba."

Dariyar Zulaiha ta tsaya a hanya. Tsamiyar ba ta da wani nisa. Ita da idonta ma tana ganin fartanyar da ke hannun Malam Jalo. Ta dubi kakanta, ta tuna yadda ya karkata kai ɗazu da zai kalli hoton. Ta matso kusa da shi, ta durƙusa.

"Buɗe ido sosai, zan sake ɗauka. Na farkon ka fito kamar ɓarawon kaji."

Ta kunna fitilar kyamarar, ta ɗauki fuskarsa dab da dab, ta faɗaɗa hoton a allo har idanun biyu kaɗai suka rage. Tsakiyar idon hagu, inda ya kamata ya zama baƙi, fari ne fat kamar an ɗiga nono. Na dama ma ya soma yin toka-toka.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un," ta ce a hankali.

"Me kika gani? Kyauna ne ya firgita ki?"

"Rufe idon dama da hannunka."

"Amarya ba ta ba miji umarni a ƙofar gida."

"Rufe, don Allah, Kaka."

Rabon da ta kira shi Kaka har ya manta. Ya sa tafin hannu ya rufe.

"Yatsu nawa na ɗaga?"

"Uku," ya ce da ƙarfin hali.

"Ban ɗaga hannu ba ma. Yana kan cinyata."

Ya sauke hannunsa. Zabi suka yi kuka daga cikin gida.

"Tun yaushe?" ta tambaya.

"Damina biyu ke nan. Ko uku."

"Damina uku. Karatun da kake yi da safe fa, da Alƙur'ani a buɗe a gabanka?"

"Yana kaina. Buɗewar don mutanen gida ce."

"Babur ɗin fa? Duk ranar kasuwa kai kake tuƙa kanka har Azare, a titin da manyan motoci suke bi."

"Babur ya san hanya. Tsohon doki sai mai shi."

"Ciwon da ka ji a ƙwauri da azumi, ka ce kare ne ya gitta maka."

"Kare ne mana." Ya sosa gemu. "Ko turmi. Bai dai yi haushi ba."

"Kana wasa da ranka, kana ba ni labarin turmi. Yanar ido ce ta rufe maka gani, Kaka. Me ya hana ka faɗa?"

Malam Gidaɗo ya gyara hularsa da ta karkace tun ɗazu. Muryarsa ta yi ƙasa.

"Yayana Bappayo haka ta yi masa. Aka kai shi wurin wani mai magani a kasuwa, ya sa masa tsinke a ido. Ɗan abin da yake gani ma ya tafi. Shekara tara ina jan sa da sanda har ya rasu. Kuma na san ubanki. Ranar da ya ji, a kusurwar ɗaki zai ajiye ni kamar tsohuwar ƙwarya, a riƙa miƙo mini fura ana yi mini sannu."

"Wannan mai tsinke ne, ba likita ba. A asibiti a Azare ake cire ta yanzu. Kakar wata amarya da na yi wa ƙunshi an yi mata, ta girme ka nesa ba kusa ba. Ranar bikin ita ta zura mini zare a allura, tana yi mini gorin ƙuruciya."

"Ta girme ni? To ki ba ni lambarta, in an buɗe idon in je in gani."

"Ka ji shi. Ido bai buɗe ba, an fara zance. Ranar wanka dai ba a ɓoyon cibi. Ko ka bi ni Azare jibi, ko in kai wa masu kalanda hoton idon nan, a buga shi babba a tsakiya, a rubuta a ƙasa: ga direban da yake ɗauko muku jikoki a baya."

"Ba za ki yi ba."

"Yana cikin memori. Ko ka jefa kyamarar a rijiya, ɗan katin zan zare in soke a ɗankwali."

"Subhanallahi. Abu kamar sabulu, ga ido, ga baki, ga riƙo a zuci. Shekara uku ina ɓoye wa gida guda, ita ko gaisawa ba mu gama ba ta tona ni."

"To me ka ce?"

Tsohon ya daɗe yana kallon inda take. Sannan ya zura hannu a aljihun gaba, ya laluba, ya fito da makullin babur ɗaure da igiyar fata. Ya miƙa shi ɗan gefe da inda hannunta yake. Ta matsar da hannun ta karɓa.

"Ki ba ubanki, amma aro ne, ki gaya masa. Kuma da sharaɗi."

"Ina ji."

"In aka buɗe idon nan na ga ashe mummuna nake ta kira Amarya, a bakin asibitin zan sake ki."

"In aka buɗe, madubi zan fara miƙa maka. Kai da kanka za ka ba ni haƙuri."

Malam Gidaɗo ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Da ya lafa, ya goge hawaye da bakin riga, ya juya wajen zaure ya ɗaga murya.

"A kamo wa Amarya zabo ɗaya, mai ƙiba. Ita za ta zaɓa, kada ku biye mini, ni sai in nuna muku buta."