Abokin Kaciyar Farfesa

Wani mutum ne aka yi a garinmu, Ilu sunansa, amma in ba ka ce Na-Manya ba babu wanda zai gane. Ba shi da gona, ba shi da rumfa a kasuwa, ba shi da ko kazar da zai kora. Jarinsa kaf baki ne da babbar riga guda ɗaya, wadda ta sha bugu har ta gaji. Duk wani babban mutum da ke ƙasar nan, wai Na-Manya ya san shi tun yana tsumman goyo. In an ambaci kwamishina, sai ya ce, "Wannan yaron? Ni na koya masa keke." In an ce janar, ya ce, "Allah sarki, har yanzu yana tsoron kare kuwa?"

Kakar girbin Na-Manya kuwa ita ce lokacin ɗaukar ɗalibai a jami'ar jiharmu. Ita wannan jami'a ba irin wadda sai yaro ya haɗiye littafi ba ce, amma kuma ba kasuwar ƙauye ba ce da kowa zai kutsa da akuyarsa. In yaro ya dage ya haye makin da aka yanke, akasari ana ɗaukarsa. In ya yi barci, ya tari baɗi. Na-Manya ya gane wannan sarai. Sai ya kasa kunne ya ji yaran da suka ci jarrabawa da kyau, ya karkace hula ya nufi iyayensu.

"Maki? Maki ai ado ne," in ji shi. "Hanya ce ke shigar da yaro jami'a. Amma kwantar da hankalinka, zan yi magana a sama."

In an ɗauki yaro, aikin Na-Manya ne. In ba a ɗauka ba, yaron ne ya kunyata shi a gaban manya. Ta kowace fuska dai miyarsa ba ta rasa nama.

To, bana sai aka yi sabon shugaba a jami'ar. Na-Manya ya je birni ɗaurin aure, motarsu ta bi ta ƙofar makarantar, ya hango ƙyallen maraba an rubuta da Turanci. Ɗan karatunsa na firamare ya ishe shi ya tsinto sunan: Farfesa H. Tsamiya. Ya yi ta juya H ɗin nan a ransa har gida. Haruna ya yi yawa a gari. Hamisu kuma sunan mai facin unguwarsu ne, bai dace da farfesa ba. Sai ya tsaya a kan Halliru.

Da yamma a majalisar bakin teburin mai shayi, ya gyara zama ya yi gyaran murya.

"Kun ji an ba Halliru jami'a?"

"Wane Halliru?"

"Halliru nawa mana! Ai ni da shi abin ya wuce abota. Rana ɗaya aka yi mana shayi, wanzami ɗaya, aska ɗaya. Ga ramin da aka zaunar da ni a kai, ga nasa. Wanda kuka sha aska tare ai ya fi ɗan'uwa, don babu abin da zai ɓoye maka."

Majalisa ta ɗauki "Kai!" da "Tabɗi!" Cikin masu saurare har da Tanimu mahauci, ƙaton mutum mai hannu kamar taɓarya, ga taurin kai, ga son 'yarsa Lantana kamar ransa. Ita ce ta farko a zuriyarsu da ta kai ga jarrabawar shiga jami'a, ta kuma ci da kyau. Likitancin dabbobi take so, wai ta riƙa warkar da abin da ubanta ke yankawa. Tanimu ya kama hannun Na-Manya kamar zai yi kuka.

"Malam Ilu, ka rufa mini asiri. Yarinyar nan ko barci ba ta yi."

"An gama. Kai dai ka riƙa tunawa da mai tafiya sama, hawa akwai gajiya."

Tun daga ranar, hanta da ƙoda ba su sake kwana a teburin Tanimu ba. Ran Juma'a kuma kan rago sukutum. Na-Manya ya yi kumatu, wuyansa ya yi layi-layi, wuyan riga ya fara shaƙe shi.

Ana nan sai sunaye suka fito, an ɗauki Lantana. Gidan Tanimu ya kaure da guɗa. Na-Manya ya zo majalisa yana tafiya kamar shi ya gina jami'ar da hannunsa. Ga iyaye nan masu yaran baɗi sai matsowa suke, kowa na so ya saya masa shayi da ƙwai. Ana cikin haka Tanimu ya iso da ƙunshin kilishi kamar matashin kai.

"Malam Ilu, yaba kyauta tukwici. Ranar rajista za ka raka ni in yi wa Farfesa godiya baki da baki."

Na-Manya ya dire kofin shayi. Ƙwal!

"Ai... ai Halliru ba ya cin kilishi. Hawan jini."

"Iyalinsa sa ci."

"To ba ni in kai masa, kar ka bar sana'arka."

"Zuwa da kai ya fi aike."

"Jiya ma na ji kamar zai tafi Umara."

"Sai mu yi masa Allah ya kiyaye hanya."

Idon majalisa duk yana kan Na-Manya. Ya san in ya ƙi, sunan nan da yake ci da shi ya mutu murus, shi kuwa ba shi da wata gonar. Sai ya yi dariyar yaƙe ya ce, "Wasa nake yi. Halliru zai yi murna."

Ranar rajista suka ɗauki hanya su uku. A mota Lantana ta ce, "Baba, ni fa na ji ƙawayena na cewa shugaban nan..."

"Ke! Manya na magana kina tsoma baki?"

"Ƙyale ta," in ji Na-Manya. "Yaran zamani, daga an ɗauke su jami'a sun fi uban kowa sani."

Shi dai ya riga ya ƙulla dabararsa. Zai ajiye Tanimu a gindin bishiya, ya shiga gini da kilishi, ya zaga ya cusa shi cikin riga, ya fito ya ce Halliru na ganawa da manya amma ya karɓa ya gode.

Suka isa. Jami'a ta cika maƙil da sababbin ɗalibai. Lantana ta shiga layi, su kuma suka raɓe a inuwar darbejiya. Na-Manya na miƙa hannu zai karɓi ƙunshin ke nan, sai ga wata dattijuwa siririya da atamfa mai sauƙin kuɗi da mayafi da tabarau, tana bin layi tana tambayar yara ko an ba su ruwa. Ta ƙaraso wurinsu.

"Sannunku da zuwa, bayin Allah. Yara kuka kawo?"

"'Yata na kawo, Hajiya," in ji Tanimu, baki har kunne. "Kuma mun zo gaida Farfesa Tsamiya. Wannan da kike gani, Malam Ilu, amininsa ne. Tare aka yi musu shayi."

Matar ta sauke tabarau zuwa karan hanci, ta dubi Na-Manya daga hula har takalmi.

"Shayi? Na kofi ko na aska?"

"Na aska, Hajiya!"

"Ikon Allah. Malam, don Allah ba ni labari."

Wayyo, mai hali ba ya fasa halinsa. Na-Manya ya ga sabon kunne, sai dabara ta bi ruwa, baki ya ƙwace.

"Hajiya, ai ranar an sha kallo. Ni aka fara yi wa, ko gezau. Da aka zo kan Halliru sai ya tsandara ihu, kajin gari suka watse. Ya gantsara wa wanzami cizo a babban yatsa. Ni da jinina da komai na taso na danne masa ƙafa."

"Kai, ka yi jarunta."

"Kaɗan ma kika ji. Muna jinya, in an kawo mana gasasshiyar kaza, kuka yake yi, ni nake cinye masa cinyoyi. Ranar da aka ba mu bante, nasa a baibai ya ɗaura. Amma yanzu ki gan shi! Ƙato, ga sanƙo, ga gemu har ƙirji."

"Gemu har ƙirji? Ni kuwa kullum ina ofishin nan ban taɓa lura ba."

"Ai ku ƙananan ma'aikata ba ku isa ku haɗa ido da shi ba."

"Gaskiyarka, ido da ido kam ba mu taɓa haɗawa ba. Ku zo in kai ku, na san hanya."

Na-Manya ya ja da baya.

"Kar mu dame shi, yanzu haka yana mitin."

"Babu mitin yau, ni na sani."

"Bari in ɗan kewaya tukuna."

"Akwai makewayi a sama, mai kyau ma."

Tanimu ya cafke masa wuyan hannu, irin cafkar da yake yi wa bijimi, don murna. Suka bi ta. A ƙofar gini mai gadi ya ƙame ya sara. A kan bene ma'aikata sai miƙewa suke suna rusunawa. Duk da zufar da ke bin bayansa, Na-Manya bai fasa ba, ya riƙa ɗaga musu hannu.

"Ka gani ko, Tanimu? Ko a nan an san rigar nan."

Aka buɗe musu wani makeken ofis, sanyi kamar cikin randa, ga kafet mai haɗiye ƙafa. Ga babbar kujera can bayan tebur, babu kowa a kai. Na-Manya ya saki ajiyar zuciya, ransa ya dawo.

"Ba na faɗa muku ba? Ya fita! Halliru ke nan, ba ya zama wuri ɗaya tun muna yara. Mu tafi kawai."

Matar kuwa ta wuce su. Ta zaga bayan tebur, ta gyara mayafi, ta zauna daram a kan kujerar.

"Ke baiwar Allah!" Na-Manya ya daka mata tsawa. "Tashi maza! Kujerar Halliru ce fa! So kike a kore ki daga aiki? In ya shigo ko ni ba zan iya roƙar miki ba."

Tanimu kuwa idonsa na kan bango. Ga hoto nan ƙato, matar nan ce cikin rigar farfesoshi da hula mai geza. Ya dubi hoto, ya dubi kujera, ya sake duban hoto.

"Malam Ilu," in ji matar a hankali, "sunana Hurera. Ni ce H ɗin."

 

Na-Manya ya ga asirinsa ya tonu. Amma ɗan duniya, sai da ya sake gwadawa.

"Ranki ya daɗe, ai... ai wanki nake nufi."

"Duk mata ne a gidanmu."

"To maigidan..."

"Sunansa Sabo, kuma ko gashi ɗaya babu a haɓarsa."

"Wallahi kamannin ne suka..."

"Na gemun ko na sanƙon?"

Tanimu ya ajiye kilishi a kan tebur. "Ranki ya daɗe, to wa ya shigar mini da Lantana?"

"Kanta ya shigar da ita, Malam. Mu nan maki muke dubawa. Ka je ka sa mata albarka, ita ta yi wahalarta."

Idon Tanimu ya ciko da ƙwalla don daɗi. Sai kuma ya tuna hanta, ya tuna ƙoda, ya tuna kawunan raguna, ya juyo ya ƙura wa kumatun Na-Manya ido, ya gane kayansa.

Farfesa ta danna ƙararrawa, masinja ya leƙo. Ta danne dariyarta da ƙyar ta ce, "Baƙina sun sha hanya. Malam Ilu, a yi maka shayi?"

Na-Manya ya damƙe gaban rigarsa da hannu biyu. "A'a, wallahi an riga an yi mini!"

"Ranki ya daɗe, kar ki wahalar da masinja," in ji Tanimu, yana shafa ƙugunsa inda kuben wuƙarsa yake. "Wannan shayin ni zan yi masa. Da alama na farkon bai kama ba."

Fit! Kafin masinja ya kauce, Na-Manya ya bi ta ƙarƙashin hammatarsa. Bene kuwa ba a san da ƙafa ya sauka ko da baya ba, an dai tsinci hula a hawa na sama, takalmi a na ƙasa.

Kafin ya isa gida labari ya riga shi. Ya yi kwanaki a ɗaki wai zazzaɓi. Ranar da yunwa ta koro shi majalisa, ya lallaɓo ya zauna a ƙarshen benci, babu mai ce masa ci kanka. Mai shayi ya ɗaga buta sama, ya kwarara murya yadda har 'yan tasha za su ji:

"Na-Hurera! A yi maka, ko sai Tanimu ya zo?"