Rasuwar Mai Kunne, Ana Tsaka da Magana

Da zuciya cike da baƙin ciki, da ɗaki cike da ƙaurin roba, tsohuwar malamar kimiyya ta bene na sama ke sanar da rasuwar Mai Kunne, rediyonta na aika magana da karɓa, wadda ta cika jiya da la'asar a kan teburin gefen taga.

Marigayiya mai haƙuri ce. Zangonta, wanda masu harkar ke kira VHF, ba ya wuce inda ido ya tsaya. Haka littafi ya ce, haka ita ma Malama ta koyar kafin ta daina yarda da duk abin da aka buga. Akasarin shekara Mai Kunne ba ta da zance sai "shuuu". Amma idan zafi ya kwanta a kan teku, iska ta tsaya cak, sai wata ƙofa ta buɗe a sama na 'yan kwanaki, muryoyin ƙetare su shigo ɗaki kamar daga kicin.

Cikin muryoyin akwai ta ƙanen Malama. Rabonsu da gaisawa tun rasuwar mahaifiyarsu, kan wata magana da kowannensu ke da tabbacin shi aka gaya wa. Dukansu suna da wayar salula. Sai dai wanda ya fara buga waya shi ya sauko, kuma gidansu ba a saba saukowa ba. Kiran rediyo kuwa na kowa ne: ka faɗi lambar kiranka ta rediyo ka ce duk mai ji ya amsa. Babu wanda ya nemi wani.

Ciwon ajali ya fara ne daga ruwan da ya shiga igiyar eriya. Jiya ƙofar ta buɗe. Cikin shuuu ɗin sai ga muryar ƙanen yana faɗin lambarsa, da tarin nan nasa da ya ƙara zurfi. Malama ta danna maɓallin magana, allurar awon rediyon ta tafi kan ja. Ta san ma'anar: saboda jiƙaƙƙiyar igiyar, ƙarfin da take aikawa yana dawowa cikin marigayiya, yana dafa ta. Duk mai hankali zai saki. A ƙa'idar masu harkar kuwa, ba a gaisa ba sai kowa ya maimaita lambar ɗan'uwansa, ya ce ya ji. Ba ta saki ba. Ta faɗi lambarsa, ta faɗi tata, ta ƙara da sunan da take kiransa tun yana rarrafe, abin da babu shi a ƙa'ida. Marigayiya ta ce "ƙyas", ta yi hayaƙi siriri, fitilarta ta mutu. Ko saƙon ya haye teku, ita kaɗai ta sani, ta kuma tafi da shi.

Marigayiya ta bar eriya a kan rufi, tana ta fuskantar teku ba ta da labari. Da batir mai ciwon ƙafa. Da makirfo, wanda har yanzu ba a iya ɓanɓare shi daga hannun mai shi ba. Ta bar surukin Malama da ya sha cewa zai hau ya duba igiyar.

Masu hasashen yanayi sun ce iska za ta juya jibi, ƙofar ta rufe sai baɗi. Malama ba ta cika yarda da su ba, amma ta ji tarin nan, kuma baɗi da nisa.

Za a ajiye gawar a teburin cin abinci, mai gyara zai buɗe ta gobe da safe. Ana roƙon masu ta'aziyya kada su zo da nasiha; mai rediyo irinta ya zo da ita aro, da igiya busasshiya. Idan iska ta juya ba a samu ba, za a rufe marigayiya a kwalinta, a kai ta saman kabad. Daga nan Malama za ta zauna, ta ɗauki wayar salula, ta riga ƙanenta kira. Ana buƙatar ɗakin babu kowa.