Rasuwar Aku, Kwamfutar da Take Karanta Mini

Da zuciya cike da baƙin ciki, da wani tsoro da har yanzu bai sauka daga ƙirjina ba, nake sanar da 'yan'uwa da abokan aiki da ɗalibaina rasuwar kwamfutata, wadda aka fi sani da Aku. Ta cika ranar Alhamis da hantsi a kan teburin mai gyara, bayan gajeriyar jinya mai tsanani. Ba da hannuna nake wannan rubutu ba. Ina faɗa ne uwar yarana tana rubutawa, domin wadda ta saba karɓar maganata ita ce ta tafi.

Ga waɗanda ba su san mu ba, ni malamin tarihi ne a makarantar sakandare, kuma ba na gani. Ciwon ido ne ya tafi da ganina a hankali, ina tsakiyar aiki, yara suna ƙanana. Marigayiya ta shigo hannuna a lokacin da kowa ya ɗauka ni da alli mun yi ban kwana. A cikinta akwai muryar wata dattijuwa mai magana ta hanci, wadda take karanta mini duk abin da ke kan allo. Kowane harafi na danna sai ta maimaita shi, shi ya sa yarana suka raɗa mata Aku, sunan ya bi ta har makaranta.

Duk wanda ya zauna da ita zai shaide ta da haƙuri. Da safe idan na tashe ta, sai ta yi "tin-din", fankarta ta ja dogon numfashi, sannan ta ce, "A shirye." Idan na yi kuskuren rubutu sai ta yi "ƙit" a kunnena, ni kaɗai nake ji, ba ta taɓa kunyata ni a gaban mutane ba. Sunayen ɗalibaina kam ba ta taɓa faɗar ko ɗaya daidai ba, amma na haddace yadda take murɗe kowanne. Babbar baiwarta ita ce ba ta jin tausayina. Rubutun ɗalibi mai ƙwazo da na wanda ya cika takarda da shirme duk da murya ɗaya take karanta su, ba ta ragewa, ba ta ƙarawa. A kan madannanta akwai ɗigon jan farce da uwar yarana ta ɗiga mini don yatsuna su gane hanya, har suka lotsa saboda sabo.

Ciwon ajalinta ya fara ne kamar wasa. Kullum da safe sai ta ce, "Akwai sabuwar manhaja. Yanzu, ko sai anjima?" Ni kuma in danna sai anjima, mu ci gaba da harkarmu. Ranar Litinin ɗin nan, a ɗakin malamai, na danna inda na saba dannawa. Ashe masu abin sun sauya wa maɓallan biyu wuri. Sai na ji ta ce, "Kada ka kashe ni." Maganarta ta ƙarshe ke nan da muryarta, in ban da lissafi. Ta ɗan yi ƙirga, kashi kaza cikin ɗari, kashi kaza, daga nan ta yi tsit.

Mai ido ba zai gane irin wannan shiru ba. Fanka tana juyawa, jikinta da ɗumi, na san wani abu yana faruwa a gaban fuskata, amma ban san ko mene ne ba. Na ɗora yatsuna a kan madannai na kasa danna ko ɗaya. Ji na yi kamar ranar da likita ya kunna fitila a idona ya tambaye ni ko na ga haske.

Malamin lissafi, wanda teburinsa ke kusa da nawa, shi ya leƙo. Ya ce allon ya zama shuɗi da hoton fure, kuma an rubuta cewa in kalli wani ɗigo a sama don ta haddace fuskata. Wasu malamai suka fara dariya, sai dariyar ta mutu a bakinsu. Bawan Allah ya kama kaina da hannu biyu yana juya shi kamar wanzami, dama kaɗan, sama kaɗan, har ta yarda da ni. An kaɗa ƙararrawa, kowa ya tafi ajinsa, aka bar ni da ita.

Da ta buɗe baki, ba ita ba ce. Muryar wani saurayi ce mai rawar kai, ya yi mini barka da zuwa a cikin kwamfutata. Na nemi takarduna, ya ba ni hasashen yanayi. Na matsa gaba, ya ce, "Maɓalli." Na sake matsawa. "Maɓalli. Maɓalli. Hoto. Maɓalli." Maɓallin me, hoton wa, bai ga dalilin faɗa ba. A ranar ne zan miƙa tambayoyin jarrabawar 'yan ajin ƙarshe. Da ƙyar na lalubo su, na danna madannan da na saba dannawa idan zan tura wa firinta. Saurayin nan ya ce, cikin fara'a, "An aika!"

Aika me? Wa aka aika wa? Na tambaye shi da baki kamar zautacce, ni kaɗai a ɗaki. Ya ce gobe akwai yiwuwar yayyafi. Na zauna hannuwana a kan cinya ina sauraron agogon bango. Can sai na jiyo sowa daga ɗakin kwamfuta na bene, inda 'yan ajin ƙarshe ke darasi, ana buga tebura. Ba wanda ya gaya mini. Na sani.

Mataimakin shugaban makaranta bai yi faɗa ba, kuma da ya yi da na fi samun barci. Da kansa ya jawo mini kujera, ya sassauta murya irin yadda ake yi wa mai jinya. Ya ce tambayoyin sun shiga akwatin saƙon kowane ɗalibi, amma ba komai, wani malamin zai fitar da sababbi. Sannan ya dafa kafaɗata.

"Malam, ko dai za ka ɗan huta ne? Ka yi ƙoƙari ai."

Na ce, "Ranka ya daɗe, ban gaji ba."

Na ji yana juya biro a yatsunsa. Daga ƙarshe ya ce zuwa farkon sabon zango in nuna masa zan iya fitar da tambayoyi in kuma duba takardu ni kaɗai, kamar da. In ba haka ba, za su duba abin da ya dace. Na san abin da ya dace ɗin.

Daga ofishinsa muka wuce da ita wurin mai gyara. Ya ce sabuwar manhajar ta fi ƙarfinta, kamar an ɗora wa tsohuwa buhun siminti. Na roƙe shi ya mayar da ita yadda take, ya dawo mini da dattijuwata. Ya ce an rufe hanyar komawa, kuma tsohuwar muryar ba ta zama da sabon tsarin. Duk da haka bai yi ƙasa a gwiwa ba. Kullum ina kan bencinsa ina jin ta tana fama. Zazzaɓi ya rufe ta, fankarta tana kuka kamar ana yanka ƙarfe, ta mutu da kanta, ta tashi da kanta, saurayin ya sake yi mana barka da zuwa. Ranar Alhamis, tafin hannuna yana kan bayanta, na ji ƙaurin roba tun kafin mai gyara ya ga hayaƙi. Fankar ta yi wani ɗan tari, ta tsaya. Ina jin zafin yana barin jikinta a hankali. Mai gyara ya ajiye sukundirebarsa ya ce, "Malam, sai haƙuri."

Marigayiya ta bar caja ɗaya mai naɗe da salatif, da jaka mai ɓallallen zif, da firinta wadda sabon tsarin ya rantse bai taɓa ganinta ba. Ta bar ni. Tun ranar uwar yarana ce take karanta mini takardun ɗalibai, Allah ya saka mata. Amma idan ta zo inda wani yaro ya rubuta abin da zai sosa mini rai, ina jin numfashinta yana tsallake layin. Yanzu ma da take rubuta wannan ta ce ba ta tsallakewa. Tana yi.

Makaranta ta aiko mini da sabuwar kwamfuta. Tana cikin kwalinta a ƙarƙashin teburin falo, ban yanke salatif ɗin ba. An tabbatar mini duk sababbi da saurayin nan a ciki suke zuwa. Duk lokacin da ƙafata ta taɓa kwalin sai in yi maza in janye ta.

Za a ɗauko gawar daga rumfar mai gyara ranar Asabar da safe. An riga an ciro ma'ajiyar bayananta, wadda ake kyautata zaton takarduna suna nan a ciki. Ni zan riƙe madannan. Sauran za a naɗe a tsohon tawul a binne a saman kabad. Za a karɓi gaisuwa a gida. Ana roƙon masu zuwa su faɗi sunansu daga bakin ƙofa, kada su gusar da kujeru daga inda suke, kuma don Allah kada wanda ya ce mini sabuwar ta fi sauri.

Ranar Lahadi da hantsi za a buɗe kwalin. Ina neman mutum ɗaya daga cikin masu gaisuwa, mai haƙuri, marar tausayi, ya zauna a gefena na dama. Ba zai taɓa komai ba. Aikinsa kawai ya faɗa mini abin da ke rubuce a allo, yadda yake, kafin in danna.